Katakon Mehetabel

Litinin, 2 ga Maris, 1835. Hartford.

Yau ma na bi ta gaban shagon. An sake wa allon fenti, har da ruwan zinariya: A. Wickham, Mai Buga Littattafai. Mu biyu muka kafa allon farko a kan ƙofar nan, ni ina riƙe da tsani, Asa, wato Asahel Wickham, yana sama yana buga ƙusa. Ya ce a fara sa sunansa shi kaɗai tunda allon gajere ne, in hali ya samu a yi dogo. Hali ya samu. An yi dogon allo har sau biyu. Sunana, Zebulon Marsh, bai taɓa hawa ba.

Ba allon ne ke cina ba. Wannan na gaji da shi tuntuni. Katakon ne.

Bari in rubuta shi sau ɗaya, tunda idona yana tafiya. Shekarar da aka fara yaƙi da Ingila, Asa ya shirya wani littafin nasiha don masu goyo, ya ce in sassaƙa masa hoton shafin farko. Na zaunar da matata Mehetabel a bakin tagar gidanmu na gefen kogi, tana ɗinki, cikin 'yarmu Keziah ya tsufa a jikinta. Na zana ta a kan katako, na sassaƙa. Ban taɓa yin aikin da ya kai shi ba. Yaƙi ya sa takarda ta yi tsada, littafin bai fito ba, aka jefa katakon cikin akwati aka haura da shi ɗakin saman shago. Shekara ta zagayo zazzaɓi ya ɗauke Mehetabel. Bugun gwaji ɗaya tak da na goga da hannuna, ruwa ya cinye shi lokacin da kogi ya shigo mana har kan gado.

A sana'armu wanda ya sayi icce shi ke da katako, ko mala'ika ne ya sassaƙa. Iccen daga ƙasar Turkiyya ake kawo shi, kuma Asa ne ya saya. Amma a bakin kabarinta ya riƙe hannuna ya ce katakon nawa ne, zai nemo mini da kansa. Sama da shekara ashirin ke nan yana nema. Makullin ɗakin saman yana aljihunsa, ba ya barin kowa ya hau.

Ni da na karanta Latin da Girkanci a kwalejin New Haven, wanda aka ce zai zama fasto. Yau ina zaune a ɗakin haya ina sassaƙa wa jarida hoton saniyar da ta ɓace.

Alhamis, 5 ga Maris.

Keziah ta zo da tukunyar wake da naman alade. Maganar dai ɗaya ce: da zarar ƙanƙara ta saki hanyar ruwa, ita da mijinta Orrin za su tafi Ohio, farkon Mayu. Orrin ya samu inda zai kafa aikin haɗa gangunan zuba kaya. Tana so in bi su.

Na ce ina da aiki a nan. Ta ɗauki katakon saniyar ta juya shi, ta ce, “Baba, wannan ce ta riƙe ka? Ai Ohio ma akwai shanu, kuma su ma suna ɓacewa.”

Bakin uwarta ke nan. Ko kuwa haka nake tsammani.

Ta san abin da ya riƙe ni. Ta ce in Kawu Asa ya nemo, mu tafi da katakon. In bai nemo ba, su tafi da ni haka. Na ce mata ba za ta haye duwatsun nan ba sai ta ga fuskar wadda ta haife ta. Tana goye aka binne uwarta.

Da za ta fita ta tambaye ni ko da gaske uwarta tana da ɗan rami a haɓa. Na ce ƙwarai. Bayan ta tafi na zauna ina tunani. Mehetabel ce mai ramin, ko ƙanwarta?

Lahadi, 8 ga Maris.

Asa a kujerar gaba a coci, da sabon kwat. Wa'azin a kan riƙon amana ne. Ya yi ta gyaɗa kai.

Talata, 10 ga Maris.

Na kai saniyar shago. Enos Pike yana bakin injin, tawada har gwiwar hannu kamar kullum. Yana ganina ya ce wa abokan aikinsa su gyara tsayuwa, ga Fasto mara coci ya iso. Shekara talatin yana wannan ba'a, bai taɓa samo wata ba. Na ce masa in ya mutu ba sai an saya masa baƙar riga ba, ya riga ya rina kansa.

Shi ya ba ni labari. Yanzu sun fara zuba shafi guda cikin dalma, su ajiye farantin, in ana son sake bugu a ɗauko kawai. Farantan suna son wuri, don haka Lucius, ɗan Asa, yana sauko da tsofaffin akwatuna daga ɗakin sama. Duk za a buɗe su.

Na shiga ofis. Na karya dokar da na yi wa kaina ta rashin roƙo sau biyu a shekara ɗaya. Asa ya tashi ya zuba mini ruwan tuffa, ya dafa kafaɗata.

“Zeb, ɗan'uwana, ai kana raina. Kafin Keziah ta tashi katakon nan yana hannunka. In ban yi ba ka kira ni kare a gaban coci.”

Bai kalli idona ba, amma dama ba ya kallon idon kowa sai mai saye.

Na dawo gida ina jin wani abu mai kama da murna. Tsohon banza.

Juma'a, 13 ga Maris.

Na gwada zana ta da ka. Takarda huɗu. Ta farko ta fito mai gidan hayata, ta biyu wata da ban sani ba. Na iya goshi, na iya kunne. In na zo ido da baki sai hannu ya tafi inda ya ga dama.

Wani mawaƙin Latin ya yi magana a kan irin wannan. Na manta shi ma.

Laraba, 18 ga Maris.

Lucius ya zo da kansa har ɗakina, abin da bai taɓa yi ba. Ya cire hula, ya ce mini Kawu Zeb. Tun daga nan ya kamata in tsargu.

Wata mata ce can wajen Pennsylvania, Huldah Sprague, aka ce ta ba mijinta gubar ɓera a kofi, za a rataye ta. Suna son fitar da ɗan littafin labarinta kafin masu bugu na Boston su riga su, da hotonta a bango. Na tambaye shi wa ya taɓa ganin matar a Hartford. Ya yi dariya ya ce masu saye ma ba su gan ta ba. Ba yau aka fara ba. Na san wani katako a shagon nan da ya yi janar, ya yi ɗan fashin teku, ya yi babban limamin coci.

Ya ce tsohon katako ne suka gyara. An huda wurin fuska, an toshe da sabon icce, an goge ya yi sumul, mai zanensu ya zana sabuwar fuska da fensir. Fuskar kawai zan sassaƙa.

Ya zo da shi a rufe yadda ya kamata, wannan kam har yanzu suna yi daidai: shuɗiyar takarda an naɗe ta an manne ta ta baya, an bar ɗan rami daidai inda za a yi aiki. Mai sassaƙa ba ya buɗe sai inda ƙarfensa yake, don numfashi da gumin hannu suna cinye zanen fensir. Wanda ya koya mini ya taɓa fasa mini yatsa da sanda don na ɗaga takarda in leƙa. Lucius ya ce akwai sauran zane a ƙarƙashi wanda wani zai ƙarasa, kada in taɓa. Ya ce Talata zai zo ya karɓa, kuma kada in wahalar da kaina da bugun gwaji, Enos zai yi.

Na ce masa tun kafin a haife shi ban taɓa miƙa katako ba gwaji ba. Ya ce to, to, ya canza magana.

A bakin ƙofa ya ce, “Baba ya ce duk garin nan hannunka kaɗai zai iya wannan.”

Na tambaye shi labarin akwatunan. Ya ce ana kai.

Kunya nake ji in rubuta, amma maganar hannun ta yi mini daɗi.

Alhamis, 19 ga Maris.

Zanen fensir ɗin na ragon yaro ne. Ya yi mata ido kamar na kifi. Zan bi nawa.

Ta gefen ramin ana ganin kaɗan daga tsohon aikin, gashi da bakin ɗankwali. Na sa gilashi na duba. Ko wanene ya yi, ya iya. Layukansa suna da rawar kai irin ta samari, yana son a san ya iya, amma ya iya. Dole in sa nawa su haɗu da nasa yadda ba za a ga inda toshiyar ta fara ba. Abin mamaki, ƙarfen yana shiga layinsa ba gardama.

Asabar, 21 ga Maris.

Rabona da jin daɗin aiki haka tun ina da baƙin gashi. Ido ya ba ni haɗin kai, haske mai kyau daga safe har la'asar.

Na matse mata leɓe. Na sauko da gira, na bar ɗan fari a ƙasan ƙwayar ido, irin kallon mai jiran ka kurɓa. Ban san Huldah Sprague ba, wataƙila ma ba ta yi ba. Amma ina da ɗaci mai yawa a ajiye, kuma duk na zuba mata. Lokacin da nake yin bakin, Asa nake tunani.

Keziah ta leƙo, ta duba ta ramin takardar, ta ja baya. Ta ce, “Baba, wannan ko ruwa ta ba ni ba zan sha ba.” Na ji daɗi.

Litinin, 23 ga Maris.

Na gama kafin tsakar rana.

Na zauna ina kallonta. Na ce ba ɗan Asa ne zai koya mini sana'a ba. In sauran zanen fensir ne, zan ɗaga a hankali in mayar. Na sa wuƙa na yanke mannin ta baya.

Babu wani zanen fensir. Duk a sassaƙe yake, tsohon aiki, icce ya yi duhu.

Taga na fara gani. Gilashi shida, na ƙasa a tsage, tsagar da na yi ta cewa zan gyara. Sai kujera. Sai hannu biyu a kan cinya, ƙaramin yatsan hagu a lanƙwashe, wanda ƙofa ta datse tana yarinya. Hular jariri, da allura a soke. A kusurwa ƙasa, haruffa biyu ƙanana, nawa.

Mai rawar kan nan ni ne.

Ban san me na yi ba na ɗan lokaci. Daga baya na ga hannuna ya ɗauko tawada ya shafa, ya ɗora takarda, ya goga da ƙashi. Abin da ya saba ke nan. Na ɗaga. Ga Mehetabel zaune a bakin tagarmu tana ɗinka wa 'yarmu hula, ga fuskar nan a kan wuyanta. Ba a ganin inda toshiyar ta fara. Na yi aikin da kyau.

Talata, 24 ga Maris.

Lucius ya yi ta buga ƙofa. Ban buɗe ba.

Laraba, 25 ga Maris.

Ba zan iya zama da katakon a ɗaki ba, ba zan iya sa shi a murhu ba, hannunta yana ciki. Na naɗe shi a ƙyalle na tafi shago, da ƙarfe a aljihu. Niyyata in kwaɓe fuskar a gaban Asa.

Da na shiga, injin ya tsaya. Enos bai ce Fasto ba.

Na ajiye a kan teburin Asa na buɗe. Ya kalla, ya kalli Lucius, ya ce ai an ce kada in ɗaga takardar. Abin da ya fara fitowa daga bakinsa ke nan.

Sai ya shiga bayani. Sun duba akwatuna duka, babu wata mace zaune mai girman da ya dace sai wannan. Tagar ma ta yi, za a ɗauka ta kurkuku ce. Sabon icce mai wannan faɗi sai an aika New York, 'yan Boston kuwa ba za su jira ba. Wani hannu in ya taɓa, za a ga bambanci. Ya ce iccen nasa ne, kowa a sana'ar nan ya san haka, ni ma na sani. Ya ce Mehetabel ta daɗe a wurin Ubangiji, katako ba ya ƙara mata ba ya rage mata.

Na bar shi ya gama. Tambaya ɗaya na zo da ita.

“Asa, kafin ku huda, kun buga ko guda ɗaya?”

Ya gyara tabarau.

“Shafa tawada ne da goga takarda. Kafin ruwan shayi ya tafasa an gama. Kun buga?”

“Muna sauri, Zeb.”

Na sa hannu a aljihu na taɓa ƙarfen. Na kalli katakon. Wurin da zan soka yana dab da wuyanta, in hannu ya zame sai ya shiga kafaɗa. Ina tsaye haka Lucius ya miƙo hannu ya ɗauke, kamar mai ɗauke faranti a gaban wanda ya ƙoshi. Ban hana shi ba. Ina ta tambayar kaina dalili.

Asa ya rako ni har ƙofa. Ya rage murya ya ce da an gama bugu zai aiko mini, nawa ne, kamar yadda ya yi alkawari. Kafin Keziah ta tashi.

Da gaske yake. Shi a wurinsa ya cika.

Asabar, 28 ga Maris.

Enos ya zo da yamma, ya wanke hannu har ya yi ja, bai fita ba. Ya ƙi zama. Ya tsaya yana murza hula.

Ya ce shi ya buɗe akwatin, na biyu da aka sauko da shi, tun washegarin ranar da na je roƙo. Yana gani ya gane ta. Ya san ta, ta sha kawo mana abinci shago a kwando. Ya kai wa Asa da murna. Asa ya sa a aljihun tebur. Da labarin matar Pennsylvania ya zo, Lucius ya ɗauko ya ce komai ya yi sai fuskar, wa zai sayi mai kisan kai da ke kallonka kamar tana yi maka addu'a. Asa ya riƙe katakon ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce a huda.

Enos ya ce ya riga ya ɗauko tawada, ya ce bari ya goga ɗaya don Zeb. Asa ya hana. Ya ce in akwai takarda, wata rana za ta kai hannuna, in gane abin da aka yi. In babu, sai a ce mini an duba ba a samu ba, ɓera ko ruwa, in haƙura. Littafin kuwa ya san ba na karanta irinsu. Shi da kansa ya yanka shuɗiyar takardar ya manna.

Ba sauri ba ne ke nan.

Na tambayi Enos ina abin da aka hudo. Ya ce ai mahuji ba ya fitar da gutsure, gari yake yi. An share da sauran dattin ranar an zuba a murhu.

Na ce me ya hana shi zuwa ya gaya mini tun ranar. Ya ce, “Malam Zeb, ina da baki shida a gida.” Ya ce in zage shi in na ga dama. Na duba, babu zagin a cikina. Na ba shi sauran waken Keziah ya ci a tsaye.

Lahadi, 29 ga Maris.

Ban je coci ba. Da na je da sai in kira shi abin da ya ce in kira shi, kuma kare bai yi mini komai ba.

Litinin, 6 ga Afrilu.

Littafin ya fito. Masu talla suna yawo da shi a bakin kogi da gaban kotu. An ce Enos bai huta ba tun ranar Alhamis.

Mai gidan hayata ta tare ni a matakala da shi a hannu, ta ga haruffana a kusurwa. Ta ce ita da ganin matar nan ta san za ta aikata, dubi bakin, dubi ido, har da ɗinka hular jariri don munafunci. Ta ce Allah ya ba ni baiwa.

Na gode mata. Me zan ce.

Alhamis, 9 ga Afrilu.

Ina ta gudun Keziah, yau ta kama ni. Ta zo da soyayyen kifi, na farkon kamun bana, da littafin a cikin kwando. Orrin ne ya saya don ya ga aikin surukinsa. Ta ce ashe wannan ce matar da ta leƙa.

Na gaya mata. Ban iya jera shi ba, na fara daga tsakiya na koma farko. Ta zauna a kan gadona. Na ɗauka za ta yi kuka, ko ta tashi ta tafi shagon, don tana da zuciya.

Sai ta ɗora babban yatsanta a kan fuskar ta rufe. Ta kai takardar bakin taga ta daɗe tana duban sauran.

“Hular nan tawa ce?”

Na ce tata ce. Fara ce, da zare shuɗi a baki. Ta yi mata yawa, sai da ta yi wata uku ta zauna mata.

Ta ce ba ta taɓa ganin hannun uwarta ba. Ta tambayi yatsan, na ba ta labarin ƙofar. Ta tambayi kujerar, ta tambayi tsagar gilashin, ta yi dariya da na ce ban taɓa gyarawa ba har muka bar gidan. Muka yi ta magana har kifin ya huce. Yatsanta bai motsa daga wurin ba.

Ta ce za ta tafi da littafin. Na ce wannan ƙazantar? Ta ce, “Baba, kai ka san abin da aka cire. Ni abin da aka bari kawai na sani.”

Ita ta samu wani abu. Ban hana ta ba. Amma ban ji sauƙi ba, kada in yi wa littafin nan ƙarya.

Laraba, 15 ga Afrilu.

An aiko daga jarida, hoton doki. Na ce ba ni da lafiya.

Talata, 21 ga Afrilu.

Mai amalanken shago ya kawo ƙunshi biyu: katakon, da tulun ruwan tuffa. Na karɓi ɗaya, na ce ya mayar da ɗayan.

Katakon ya yi baƙi ƙirin, injin ya danne shi har layukan gashi sun fara haɗewa. Da zafin bugu toshiyar ta ɗan taso, yanzu ana ganin da'irar. Na sa farce na bi ta. Zan iya ciro ta. In na ciro, rami ne, ana ganin tebur ta ciki.

Na bar ta. Na kife shi.

Lahadi, 26 ga Afrilu.

Na je kabarin. Ciyawa ta fara fitowa. Na yi niyyar yi mata bayani, na tsaya kamar mai jiran a tambaye shi. Sunanta a kan dutse yana nan daram, wannan wani ne ya sassaƙa, ba ni ba.

A hanyar dawowa na hango Asa da iyalinsa suna fitowa daga coci. Ya ɗaga mini hula. Na jira in ji abin da na saba ji a ƙirji duk shekarun nan in na gan shi. Wani tsoho ne mai tumbi yana neman inda zai taka don kada taɓo ya ɓata masa takalmi.

Alhamis, 30 ga Afrilu.

Orrin ya zo aron igiya don ɗaure kaya. Ranar Litinin za su tashi. Yana naɗe igiyar na tambaye shi ko gidan da za su sauka yana da taga mai kallon arewa, irin hasken da mai sassaƙa ke so. Ya ce bai sani ba, amma in babu, shi mai aikin katako ne, zai fasa. Ya yi sauri ya fita kafin in ƙara magana, na ji shi yana tsallake matakala bibbiyu.

Tambaya ce kawai. Ban ce zan tafi ba.

Na shafa wa ƙarafana mai na naɗe su a fata, don damina na sa tsatsa. Na ba mai gidan haya littattafan Girkancin ta kai wa ɗan fasto, idona ba ya karanta su. Katakon na sa shi a ƙasan akwati, a kife, da riga a kai.

Da rana na zauna na rufe ido na gwada. Taga tana zuwa, kujera tana zuwa, hannun yana zuwa har da yatsan. In na hau wuya, sai matsattsen leɓe da saukakkiyar gira, kowane layi a inda na sa shi. Na gwada ta bakin murhu, na gwada ta ranar aurenmu. Fuskar nan da na sassaƙa ce dai ke juyowa.

Fuskar Mehetabel ba ta kan katako, ba ta kan takarda. Ba ta wurina.